Babba da Kai Ba Ka Iya Girki Ba?

Da wuya a samu wanda bai taɓa jin wannan tambayar ba, ko dai shi aka yi wa, ko an yi wa wani a gabansa. Ana cikin hira wani zai ce shi fa bai iya dafa komai ba, nan take a juyo a kalle shi kamar ya faɗi abin kunya. "Babba da kai?" Idan mace ce kuwa, ba a ma tsayawa tambaya, sai dai a taɓe baki a haɗa ido, in ta tashi a ɗora daga inda aka tsaya. Mai tambayar ba amsa yake jira ba, don ya riga ya yanke hukunci: ko dai malalaci ne, ko an sangarta shi, ko kuma tarbiyyarsa da saura.

Ni dai ban yarda rashin iya girki kaɗai ya isa a ga baƙin mutum ba. Amma kuma ba na cikin masu cewa a bar kowa da halinsa, ba ruwan wani da wani. Abu guda nake son sani game da babban da bai iya girki ba: tunda shi ba ya dafawa, ga shi kuma kullum yana ci yana ƙoshi, wa ke dafa masa? Kuma da son ran mai dafawar ne, ko dole ce ta sa? Daga amsar wannan ake gane wanda za a ƙyale da wanda ya kamata a gaya wa gaskiya.

Sau da yawa masu wannan gardama ba abu ɗaya suke nufi ba. Wani in ya ce "iya girki", yana nufin wanda zai ciyar da baƙi cike da falo su tashi suna santi. Wannan gwaninta ce, kuma ba a kan kowa take ba, kamar yadda ba kowa ke da muryar waƙa ba. Wani kuma abin da yake nufi bai wuce mutum ya iya ɗora tukunya ya fitar da abin da zai ci bai cutar da kansa ba: ya dafa shinkafa ba ta caɓe ba, ya soya ƙwai, ya san nama ya dahu ko da saura, ya kashe wuta in ya gama. A kan wannan na biyun nake magana. Kuma duk mai lafiyar jiki da hankali, in yana da murhu da wanda zai nuna masa, 'yan makonni sun ishe shi.

Masu tsanantawa suna da wata hujja mai nauyi, cewa girki shi ya mai da mu mutane. Ba su yi ƙarya ba. Richard Wrangham, masanin halittu a Jami'ar Harvard, ya fitar da littafi a 2009 yana kafa hujjar cewa dafa abinci ne ya rage wa jikin kakanninmu wahalar tauna da narkarwa, har ƙarfin da ya ragu ya tafi wajen gina ƙwaƙwalwa. Masana na gardama kan lokacin da abin ya fara, amma a kogon Wonderwerk da ke Afirka ta Kudu an samu toka da ƙonannun ƙasusuwa masu kimanin shekara miliyan 1. To, amma cewa ɗan Adam yana girki tun fil azal ba ya nufin kowane mutum yana girka wa kansa. Garin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, da aka tono shi an tarar da shagunan sayar da dafaffen abinci wajen 80, da kantocinsu da manyan tuluna a binne a jikin kantar. Talakawan biranen Rum da yawa a 'yan ɗakuna suke zaune, babu madafa, hura wuta a ciki kuma haɗari ne, saboda haka a waje suke saya su ci. A zamaninmu ma, mutanen Singafo da dama a rumfunan abinci suke cin na rana da na dare, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan tsari cikin al'adun gado na ɗan Adam a 2020. Ba wanda ya ce mutanen can ba su da tarbiyya.

Sannan ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Masu hali, tun da can har yau, ba sa shiga kicin. Attajirin da ke da kuku ba wanda ke tambayarsa "babba da kai?", sai ma a ce Allah Ya buɗa masa. Gorin yana sauka ne a kan wanda ba shi da kuɗin da zai sayi uzuri. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi shakkar cewa kishin girki ne ke motsa masu gorin.

Akwai kuma masu cewa ai rayuwa rabon aiki ce: ba kai ke ɗinka rigarka ba, tela ke yi, kuma ba wanda ya zage ka, to me ya sa girki zai fita daban? Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta zauna daidai ba. Riga in ka ɗinka za ta yi maka shekara. Yunwa kuwa da safe ta zo, da rana ta dawo, da dare ta sake ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta san ranar hutu ba, ba ta san mai girkin ya kwana da zazzaɓi ba. Shi tela ana biyansa, kuma in ya ga dama ya ce yau ba zai buɗe shago ba. Wanda ke dafa wa mutanen gida, yawanci ba biya, ba rufe shago.

Kuma mun san ko wace ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 kan aikin kula da gida da ba a biyan kowa a kansa, wato girki da shara da wanki da reno da jinya. Ta ce mata ke yin sama da kashi 76 cikin 100 na sa'o'in wannan aiki a duniya: a matsakaici mace tana ba shi awa 4 da minti 25 a rana, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Lissafin bai ware girki shi kaɗai ba, amma duk wanda ya taɓa zama a gida da mutane ya san girki da wanke-wanke ne ke cinye babban kaso. Saboda haka idan ana maganar "manyan da ba su iya girki ba", mafi yawansu maza ne. Amma idan ana maganar waɗanda ake yi wa gori, mafi yawansu mata ne. Ka duba yadda abin yake. Yarinya ta gama karatu, tana aiki, tana riƙe da kanta, rannan ta ɗora shinkafa ta shagala da waya, ƙauri ya tashi. Shi ke nan, labarin zai zaga dangi, a yi shekaru ana tuna mata. A gida ɗaya kuma ga yayanta, wanda bai san inda ake ajiye ashana ba, yana kishingiɗe yana cewa, "Ni fa ko ruwan zafi aka ce in dafa sai na ƙona shi," kowa ya kwashe da dariya. Ita ta gwada ta kuskure, an ga laifinta. Shi bai taɓa gwadawa ba, abin ya zame masa barkwanci.

Idan ka bi diddigin waɗanda ba su iya ba, za ka tarar kowa da yadda ya tsinci kansa. Wani tun yana yaro in ya leƙa kicin ake kora shi, a ce ba wurinsa ba ne. Wata iyayenta ne suka ce ta riƙe littafi kawai, su za su ji da sauran, kuma da kyakkyawar niyya suka yi. Wani a makarantar kwana ya tashi, daga nan sai ɗakin haya da ba shi da wurin ɗora tukunya. Wata tana fita aiki kafin gari ya waye, ba ta dawowa sai dare ya yi, ƙafafunta a kumbure. Akwai mai ciwon hannu, akwai wanda ido ya yi wa rauni, akwai mai ciwon damuwa wanda tashi daga gado ma yaƙi ne, balle a ce ya yanka albasa. Duk waɗannan daga nesa kamanninsu ɗaya da malalaci, kuma mai gori ba ya matsowa kusa ya duba.

Ya kamata kuma masu yi wa girki kirari su tuna ba ko'ina yake da daɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 2 ne har yanzu ke girki da itace ko gawayi ko kananzir da makamantansu, kuma hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Wanda ke danna maɓalli wuta ta kama, yana da firji da famfo a gefensa, bai kamata ya riƙa auna kansa da wanda sai ya nemo makamashi ya hura, idonsa na hawaye, kafin ruwa ya tafasa ba. Idan irin wannan ya samu hanyar sayen dafaffe ya huta, ni ban ga abin zargi ba.

Inda nake da magana shi ne a kan wani mutum daban, kuma kowa ya san irinsa. Lafiyarsa ƙalau. Yana da lokaci, yana da kicin. Wayarsa in ta samu matsala zai zauna ya bi bayani mataki-mataki a intanet har ya gyara. A wurin aiki in aka kawo sabuwar na'ura, shi ne na farkon ganewa. Amma da an zo kan tukunya sai ya zama wanda ba ya fahimtar komai. In aka matsa masa ya gwada, sai ya yi abin da ba zai ciwu ba, ya bar kicin kaca-kaca, don gobe kada a sake sa shi. Kuma dabarar tana ci, domin mai gyara ɓarnar za ta ga gara ta yi da kanta. Wannan ba rashin sani ke damunsa ba. Ya lissafa ne ya ga rashin iyawar ya fi masa riba.

Na taɓa zuwa duba wata mara lafiya, zazzaɓi ya kwantar da ita, ko magana da ƙyar take yi. Muna zaune sai mijin ya leƙo, cikin tausasawa kuwa, ya ce, "Sannu. Ko za ki iya daurewa ki ɗora mana wani abu mai sauƙi? Yaran ba su ci komai ba." Ta yunƙura, ta dafa bango, ta nufi kicin, ta jawo kujera ta zauna gaban murhu saboda jiri. Shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ta jera mata sannu. Mutumin ba mugu ba ne, na san yana ƙaunarta, shi ya je ya sayo maganin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko kusa bai ga wani abu ba daidai ba. A tunaninsa girki abu ne da ke fitowa daga wajenta, kamar yadda ruwa ke fitowa daga famfo, in ta kwanta sai dai a jira ko a tashe ta.

Irin wannan shi ne kuma ya fi kowa baki a kan abinci. Gishiri ya yi yawa, mai bai ji ba, jiya ma wannan aka ci. Bai san cewa tsayuwa gaban wuta ita ce ƙaramar wahalar ba. Kafin a kai ga ɗora tukunya, wani ya kwana yana tunanin me za a dafa gobe, me ya ƙare, me ya kusa lalacewa a fara da shi, wane yaro ne ba ya cin kaza, kuɗin cefanen zai kai ƙarshen wata ko ba zai kai ba. Bayan an ci kuma ga kwanuka. Wanda bai taɓa riƙe kicin na mako guda ba bai san da wannan aikin ba sam, shi ya sa yake iya tambayar mutum, "Wai me kike yi tun safe?"

Za a ce mini, to idan yarjejeniya ce fa? Ɗaya yana fita nema, ɗaya yana riƙe da gida, kowa ya gamsu. Ban da ja a kan wannan. Mutum biyu suna da 'yancin raba aikinsu yadda suka so, kuma akwai waɗanda girki ke faranta musu rai da gaske, ba sa ma son a taɓa musu tukunya. Amma yarjejeniya sai da bakin mutum biyu. A gidaje da yawa ba a taɓa zama an yi ta ba, an wayi gari ne kawai an ga ɗaya yana yi. A wasu gidajen kuma dukansu biyun ke fita aiki, su dawo tare a gajiye, ɗaya ya zube a kujera, ɗaya ya wuce kicin ko takalmi bai cire ba. Ko a inda rabon ya yi adalci, akwai ranar ciwo, akwai ranar haihuwa, akwai ranar tafiya, akwai kuma ranar da ba a fata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dattijon da aka yi shekara 40 ana ajiye masa abinci a gabansa, ranar da mai ajiyewar ta riga shi, baƙin ciki biyu ke haɗe masa, kuma na biyun da an so da an kauce masa.

Idan da yara a tsakani kuwa, a nan ba na sassautawa, ko uwa ce ko uba. Babba in ya ga dama ya rayu a kan burodi da shayi, cikinsa ne. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan zaɓin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara kimanin mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abubuwan da ke kare yaro daga wannan ba su da wuya: a wanke hannu, kada wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ta taɓa abin da za a ci ɗanye, a dafa nama har cikinsa ya dahu sosai, kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, in za a ɗumama a ɗumama shi ya yi zafi har tsakiya. Wanda ya haifi yaro ya ce shi waɗannan ba su shafe shi ba, sai ranar da aka bar shi da yaron su biyu, to wannan ya cancanci a yi masa faɗa, ba don bai iya miya mai daɗi ba.

Batun lafiyar babban kansa kuwa, asara ce yake yi, amma tasa ce. Wanda bai iya girki ba ya miƙa cikinsa ga masu sayarwa, su kuma kamfanonin abincin leda da gwangwani ciniki suke nema. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Amurka, ya ajiye manya 20 na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, mako biyu kuma wanda aka dafa daga kayan da ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 a rana, suka ƙara nauyin kusan kilo 1, a sauran makonnin kuma suka rage kusan haka. Ƙasar Brazil ma, a jagorar cin abinci da ta fitar a 2014, ta shawarci mutane su koyi girki su kuma koya wa na baya, maza da mata. Duk da haka ba zan mai da wannan sandar dukan kowa ba. Akwai gwanayen girki da ke cika mai da gishiri da sukari har su kwantar da gida guda, akwai kuma mai sayen abinci a waje da ya san abin da yake zaɓa. Wanda ke cutar kansa, shawara ake ba shi.

Da za a karkata rabin ƙarfin da ake ɓatawa wajen gori zuwa koyarwa, da gardamar ta ragu. Japan ta daɗe tana tilasta wa 'yan mata kaɗai darasin kula da gida a babbar sakandare, sai a 1994 ta mai da shi wajibi a kan maza ma. Ingila ta sa girki cikin manhajar karatu ta ƙasa daga 2014, ga yara har zuwa shekara 14. Ba cewa nake darasin aji zai gyara komai ba, amma aƙalla yaron da ya taɓa yanka albasa a gaban malami ba zai girma ya ce hannunsa ba na wannan ba ne.

Mu ma da muka iya, da namu laifin, domin yawancinmu ba mu iya koyarwa ba. Mutum ya cire girman kai ya zo ya ce a nuna masa, ya tambaya, "Gishiri nawa zan sa?" a ce masa, "Daidai misali." Ya ce, "Minti nawa zai yi a wuta?" a ce, "Har sai ya yi." Ya ce, "Ta yaya zan san ya yi?" a ce, "Ai za ka gani." Hannun da ya shekara 20 yana abu ya manta cewa akwai lokacin da shi ma bai sani ba. Mai koyo yana riƙe da wuƙa a karkace, kafin ya gama yanka tumatir ɗaya an fizge, "Kawo nan, za ka ɓata mana lokaci." In ya yi kuskure a kira mutanen gida su zo su gani. Babban mutum da aka yi wa haka sau biyu ba zai dawo na uku ba, kuma daga baya mu ne za mu zauna muna cewa ya ƙi koyo. Mai koyon girki yana bukatar a gaya masa kofi nawa na ruwa a kan kofi nawa na shinkafa, a ce masa ya rage wuta da zarar ta tafasa, ya rufe, kada ya yi ta buɗewa yana juyawa. Sannan a fita daga kicin ɗin a bar shi shi kaɗai, in ta yi ƙanzo a ci saman, gobe ya sake ɗorawa.